Ranar da Aka Duba Hammatar Ƙanena

Na daɗe ina shugabantar makarantu kafin na ajiye aiki, kuma na yafe wa mutane abubuwa da yawa. Amma abin da wasu mutum uku suka yi wa ƙanena a cikin wani aji a Tsanyawa, har yau zuciyata ta ƙi sakinsa.

A shekarun fari ne, lokacin da gero yake ƙonewa a tsaye, muka koma cin tafasa da ɗan gari sau ɗaya a yini. Na girme shi da shekara guda da watanni, amma tare aka sa mu a firamare. Da yunwa ta tsananta, Inna ta kai shi wajen ƙanwarta da ke aure a wata ruga kusa da Shanono, ya ci gaba da karatu a can. Shanunsu sun rame, amma ba a rasa nono ba.

Bayan shekara biyu ya dawo ya kere ni tsawo, muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro masa. Ni kuwa ina nan yadda ya bar ni, ƙafafu kamar sillen kara. Hankalinsa ma ya girma. Idan Baba yana rabon gado a zaure, kafin ya gama zane a ƙasa yaron nan ya fitar da rabon kowa da ka.

Mu biyu muka ci jarrabawar shiga sakandare, shi a gabana nesa. Saura ganawa da masu tantancewa, su uku. Ba mu da takardar haihuwa, su kuma hanyarsu ta gane shekaru ita ce yaro ya tuɓe riga ya ɗaga hannu. In an ga gashi a hammata, ya wuce shekarun shiga.

Ni aka fara dubawa, aka ce na yi. Da ƙanena ya ɗaga hannunsa, babbansu ya yi dariya ya ce, "Kai ƙato, 'ya'yanka nawa a gida?"

Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan da kuka ɗauka yanzu yayana ne."

Baba, wanda ya rako mu, ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni na yanka musu ragon suna. Na san wanda ya riga wani zuwa duniya."

Mutumin ya ce, "Baba, mu da jiki muke aiki, ba da rago ba." Sannan ya juyo gare ni. "Kai ɗan ƙarami, da gaske ka girme shi?"

Na san in na amsa, za su iya korar mu tare. Na sunkuyar da kai, na yi shiru. Aka soke sunansa.

Manyan mutane ne, da ilminsu da rigunansu, amma ba wanda ya san cewa yunwa tana danne jikin yaro, ƙoshi kuma yana gaggauta shi. Ba su yi masa tambaya ko guda daga littafi ba. Hammata suka duba, suka yanke wa ƙwaƙwalwa hukunci, suka kuma ɗora wa yaro mayunwaci zaɓi tsakanin makaranta da ɗan'uwansa.

Ƙanena ya tsufa a gona. Shi ake kira rabon gado a ƙauyukanmu, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Duk sanda na je gida, shi yake fara durƙusawa ya gaishe ni, domin ni ne babba.