Wurin da Yaya Lawal ya tsaya

A daminar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal. Sau da yawa nakan ɗauki biro in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, don shi mutum ne da in aka fara yabonsa yakan nemi takalminsa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, a watannin baya saura ƙiris a gina shaguna a kan kabarinsa, kuma a duk unguwarmu aka rasa mai nuna inda kabarin yake.

Yaya ƙaramin akawu ne a wani ofishin gwamnati, ba shi da komai sai tsohuwar basfa da ke tashin maƙwabta kowace safiya. Muna zaune ta wajen Unguwar Dosa. In aka idar da la'asar sai ya tara samari a rumfar masallacin layinmu, 'ya'yan teloli da kafintoci da masu tebur a kasuwar Kawo. Ba karatu yake ba su ba, malamai ba su ƙare ba. Koya musu yake yadda ake tsayawa gaban hukuma: ka yi sallama, ka faɗi sunanka da na unguwarku, ka faɗi abin da ya kawo ka, ba ihu kuma ba roƙo. Shugabancin zaman zagayawa yake yi, kowa da watansa, shi kuwa ya koma baya ya jingina da bango yana cin goro, ko za a kwana a wurin ba ya tsoma baki. Dattawa suna kiran abin majalisar yara, ni ma ina taya su tsiya. Ranar da na ishe shi ya ce da ni, "Tasalla, Musulmin da ya iya sahu a masallaci, bai iya shi a gaban hukuma ba, rabin karatu ya yi."

A cikin samarin akwai Nasiru, ɗan wani kafinta daga Hayin Banki. In ka ce masa ina kwana sai ya duba ƙasa ya nemo amsa. Watan da shugabanci ya faɗo kansa, ya miƙe, ya yi sallama, daga nan baki ya mutu, gumi yana bin wuyansa. Yaya bai cece shi ba. Haka suka zauna shiru har aka kira magariba, washegari aka sake tsayar da shi. Na ce wannan mugunta ce, har yau ma ban janye ba gaba ɗaya.

A cikin watan na Nasiru ne aka wayi gari da turaku masu jan fenti a tsohuwar maƙabartar bayan unguwa. Labari ya zo cewa wani ɗan kwangila ya samo izini, wai wurin fili ne kawai ba mai shi. In ka dubi wurin ba ka ce ya yi ƙarya ba. Mu ba ma yi wa kabari siminti, ba ma rubuta suna, tudun ƙasa ne, damina biyu ko uku ya kwanta, ciyawa ta rufe. Ga shi zamanin soja, dattawa suka ce sai addu'a. Samari suka tafi ofishin da abin ya shafa, Nasiru a gaba, Yaya a can bakin ƙofa kamar ɗan rakiya. Jami'in bai kore su ba. Ya ce shi ciyawa ya gani, in akwai kaburbura a nuna masa, ya sa rana zai zo.

An ce zaman da suka yi ran nan ya yi zafi. Masu cewa a tumɓuke turakun na yi, masu cewa a tare hanya na yi. Can sai Nasiru ya ce, a hankali, shi dai ya san inda aka sa mahaifiyarsa. Wani ya ce shi ma ya san na kakansa. Aka duba aka ga babu wanda bai taɓa ɗaukar gawar wani nasa zuwa wurin ba. Daga nan shawara ta fito, ba daga bakin Yaya ba.

Mu mata ba ma shiga maƙabarta, don haka daga tagar benen Islamiyyar da nake koyarwa na ga abin da ya faru. Da hantsi ne, an sha ruwa, gari ya yi luf, ko ganye ba ya motsi. Ciyawar ta kai ƙirjin mutum. Motar jami'in ta tsaya a bakin titi, suka fito shi da ɗan kwangilar, ba kowa sai ciyawa. Ashe samarin suna tsugunne a ciki, kowa a gefen kabarin nasa yana addu'a. Da suka ji an rufe ƙofar mota sai suka fara miƙewa, nan ɗaya, can ɗaya, cikin fararen kaya, ba mai magana. Daga sama inda nake, wallahi kamar ƙasa ce take fito da su. 'Yan matan ajina suka daina karatu ba tare da na ce su daina ba.

Jami'in ya kutsa cikin ciyawar. Duk wanda ya matso kusa da shi sai ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya nuna ƙasa ya ce nan babana, nan ƙanwata, nan malaminmu. Iyakar abin da suke faɗa ke nan. Muryoyin suna tasowa daga ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ina jin wasu sunayen da na yi zaman makokinsu da kaina. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Yaya shi ne, mutanen da na gani a tsaye sun fi samarin da na sani yawa. Akwai wani dattijo mai farin gemu a can ƙarshe, ban ga zuwansa ba, ban ga tafiyarsa ba. Yaya ya ce mutanen Unguwar Shanu ne suka ji labari suka zo. Na ce ɗan wane gida ne dattijon? Ya ce in bar maganar. Ni Musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, amma abin da idona ya gani ke nan.

Akwai wani zirin fili ta bakin titi da ba a kai ga binne kowa a cikinsa ba, shi ne ma ɗan kwangilar ya fi so. Da suka iso nan jami'in ya ce to, wancan ya yarda maƙabarta ce, amma nan ba kowa, za a yanke. Samari suka yi cirko-cirko. Sai na ga Yaya, mutumin da bai taɓa karya dokar shirunsa ba, ya tako ya shiga tsakiyar zirin ya tsaya shi kaɗai. Nasiru ne ya ba ni maganar da suka yi.

Jami'in ya ce, "Malam, kai kuma wa kake tsaye wa?"

Yaya ya ce, "Kaina, ranka ya daɗe. Mai wurin yana nan tafe."

Wasu suka fara dariya, suka ji ba ta zauna ba, suka haɗiye. Jami'in ya dube shi ya ɗan jima, ya ce zai sake nazari, ya shiga mota. Ruwan shekarar bai ɗauke ba zazzaɓi ya kwantar da Yaya, ko mako bai yi ba ya rasu. Mata a gidan makoki suna ta raɗa cewa baki ya yi wa kansa. Ni na san ajali ne, amma ba zan ɓoye ba, har yau tsayuwarsa a ciyawar nan ba ta bar raina ba.

A al'adarmu layi ake bi wajen haƙa kabari, inda na jiya ya tsaya nan na yau zai ɗora, kuma har masu haƙa sun fara. Samarin suka keɓe suka yi shawara, karo na farko ba shi a bayansu, suka dawo suka ce a zirin bakin titi za a sa shi. Liman ya tambaya wa ya ba da wannan umarni, Nasiru ya ce su ne. Aka sa shi a can. Ba su yi masa wata alama ba don sun san ba ya so, sai suka riƙe falwayar wuta da ke bakin titi, suka ce daidai ita yake, ɗan taku kaɗan ciki. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyar ɗan kwangilar ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ana cika motoci da samari a kai su filin taro su yi wa wani kirari, da yamma a juye su a bakin hanya. Kowane ɗan siyasa yana da matasansa kamar yadda yake da direba. Ina jin ba zai yi faɗa ba, zai dai tambaya a cikinsu wa aka taɓa bari ya yanke shawara ko da ta inda za a zuba shara ce. Cikin nasa yaran ma ba duka suka yi albarka ba, akwai wanda ya ɗauki bakin da aka koya masa ya tafi yana sayarwa. Icen da aka tanƙwara yana ɗanye, wani baka ake yi da shi, wani kuma ƙota.

To, bara aka faɗaɗa titin, aka ciccire falwayoyi aka mayar da su wani wuri. Makanikai suka fara jera matattun motoci a bakin zirin, masu shayi suka kafa tebur. Bana sai ga turaku masu jan fenti sun dawo. Na yafa mayafi na tafi wurin Nasiru, wanda yanzu kansila ne, in ya fara magana sai ka roƙe shi ya tsaya. Ya ce maganar ta zo gabansu, masu son wurin sun ce in akwai kabari a nuna. Na ce ai kai ka shiga ramin ka karɓe shi.

Ya ce, "Malama, na je. Na yi sama na yi ƙasa har rana ta take. Wallahi na rasa shi."

Ya sunkuyar da kai irin na da. Na so in zage shi, na ga ba ni da baki, shi ya manta wurin, ni kuwa ban taɓa saninsa ba. Na fito ina kuka a kan titi, tsofai-tsofai da ni.

Abin da ban sani ba, zaman rumfar nan bai mutu ba. Fuskoki sun sauya, amma har yanzu ana zama bayan la'asar, shugabanci yana zagayawa. Mai watan wani ɗan tela ne, Auwalu, wanda yana firamare Yaya ya rasu. Shi ya ce da 'yan'uwansa su daina neman kabari ɗaya, zirin duka na unguwa ne, a kewaye shi a fara binnewa a ciki. Suka bi liman, suka bi mai unguwa, suka sa Nasiru a gaba ya tsaya musu a majalisar ƙaramar hukuma har aka janye turakun. Sannan suka kira gayya don tona harsashin katanga.

Ana cikin tonon, da rana tsaka, digar wani yaro ta faɗa cikin rami, ta taɓo ruɓaɓɓun itatuwa a jere, irin waɗanda ake gittawa a kan gawa. Kowa ya tsaya. A zirin nan mutum ɗaya aka taɓa binnewa. Suka mayar da ƙasa, suka yi addu'a, suka karkata harsashin ya zagaye wurin. In ka bi titin yau za ka ga katangar ta tafi sambal, a wuri ɗaya ta yi ciki kamar ta kauce wa mai wucewa. Da diga ta sauka taku ɗaya gefe, da yanzu yana waje, ƙarƙashin teburin mai shayi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa namiji ba, basfar ma an sayar. Da za a ce me ya rage nasa, da na ce katangar nan. Amma akwai abin da ya fi ta, kuma ni ya fara sara. Na aika aka kira mini Auwalu, na yi musu godiya, na roƙi alfarma ɗaya: a bar mini wurin mutum ɗaya kusa da inda katangar ta lanƙwasa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce zai kai maganar zama. Bayan kwana biyu ya dawo.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mun zauna, an ce layi za a bi. In muka keɓe miki, gobe mai kuɗi zai zo a keɓe masa."

Na ji haushi har na kasa amsa sallamarsa ta tafiya. Daga baya na zauna na yi dariya ni kaɗai, don na san wanda ya hana ni.

An fara binnewa daga ciki, layi yana tahowa wajen titi. Damina ce, ana yawan rasuwa. Duk sanda lasifikar masallaci ta yi shelar jana'iza, nakan bar ajina in je taga in ga inda aka kai. Saura kaɗan a iso gefensa. Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, Ya kuma yafe mini, don in na tsaya a tagar nan ni kaina ban san abin da nake roƙo ba, layin ne ya yi jinkiri, ko ni ce in yi sauri.