Birin da Ke Karɓa da Hagu

Na yi shekaru ina malamin dabbobi a bakin iyakar Jibiya, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe mini da juna, amma akwai guda da har yau ban manta da ita ba. A tsakiyar shekarun 1970 ne, lokacin da kuɗin man fetur ya sa gwamnati ke ta sayo kaya kamar za a daina ƙerawa. Jirage sun cushe a tashar ruwa ta Ikko, har wasu kayan sai ta Nijar ake zagayo da su a mota.

Ku yaran yanzu ba ku san aikinmu na lokacin ba. Duk dabbar da za ta ƙetare iyaka, sa ko raƙumi ko jaki, sai mun duba ta mun ba da izini kafin kwastam su ɗaga shinge. To ran nan, ranar kasuwa, sai ga Ila, wani mai wasa da biri daga Farfaru, janye da gwaggon birinsa Bawa. Duk Jibiya an san Bawa. Yakan yi faretin soja, ya yi tafiyar tsohuwa, kuma in ka miƙa masa gyaɗa sai ya durƙusa ya karɓa da hannun dama kamar ɗan gidan malamai. Wannan ladabin shi ne kasuwar Ila.

Na tambaye shi ina zuwa. Ya ce, "Malam Lawal, ƙetare za ni da shi, in ba maharba. Ya lalace. Da hagu shika amsa yanzu. Rannan wani dattijo ya miƙa mai dabino ya amshe da hagu, anka yi ta zagina cikin kasuwa."

Na san abin da maharba ke yi da biri, shi ma ya sani. Na duba Bawa, na ga shatin bulala a bayansa, da tabo a gefen kansa na hagu. Ila ya ce wani manomi ne a Magama ya ɗirka masa bindigar toka a gonar gyaɗa tun da kaka, amma ai ciwon ya warke. Hannun daman kuwa ga shi yana taka shi lafiya lau. Ban ga cutar da zan hana izini da ita ba, raina dai bai so.

Ina cikin jan ƙafa sai Sufeto Garba na kwastam ya aiko a kira ni. Na tarar an sauke akwatuna daga wata mota, an baje wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, da sanduna masu tsini da awo a jikinsu. Mai kayan, Dokta Mahaman, mutumin Maraɗi ne da ya yi karatu a Faransa, wata jami'a ta Nijeriya ta ɗauke shi aikin binciken ƙwaƙwalwa. Gumi yake ta yi. Sufeto ya ce da ni, "Wai kayan dabbobi ne. Ni kuwa kayan gana azaba nake gani. In na dabba ne a gwada a gabana, in ba haka ba nan za su kwana."

Na ce akwai biri a rumfata mai tsohon harbi a ka. Ban faɗi komai game da hannu ba, don ban ga haɗinsu ba. Da aka nemi yardar Ila, cewa ya yi, "Ku yi mai abin da kuka so, ni na gama da shi."

Ni na yi wa Bawa allurar barci. Dokta ya kwantar da kan Bawa cikin ƙarfen a hankali, ya zura sanda ɗaya a kowane kunne, ya ɗora ƴan ƙugiyoyi a ƙashin ƙarƙashin idanu, ya sa wani ƙarfe a bayan haƙoran sama. Kan ya tsaya cak. Ya daɗe yana juya noti yana leƙe, har Sufeto ya fara tsaki. Sai ya yi mana bayani: "Kowane biri da irin kainai, wani babba wani ƙarami. In ba a daidaita su bisa tsari guda ba, hoton wanga ba ya hwaɗa maka komi game da wancan. Tsakiyar layin da ya haɗa kunnuwan ga biyu, nan ne sifiri, tushen awo. Daga nan muka awo: gaba ko baya, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Kamar alƙibla ce, Sufeto. Kowane masallaci da girmanai, amma wuri guda suka kallo."

Aka tayar da janareton kwastam, Dokta ya ɗauki hoton ƙashi da wata ƴar na'ura, ɗaya daga gefe, ɗaya daga gaba. A ɗakin ajiye magungunanmu muka wanke su, bargona a rataye a taga. Da ya ɗaga su ga rana sai ga ƙoƙon kan Bawa, ga wani ɗigo fari sol a ciki, bai kai ƙwayar dawa ba. Ya auna shi daga sifirin, ya rage abin da hoto ke ƙarawa, ya gyara don kan Bawa ya ɗan fi na ma'auni girma, ya fitar da lamba uku. Sannan ya buɗe wani ƙaton littafi mai hotunan ƙwaƙwalwar birai, yanka-yanka, an zana layukan awo a kan kowanne. Birai ne na wata ƙasa, sun mutu tun kafin a haifi Bawa. Ya bi lambobin da yatsa, ya tsaya a wani shafi.

Ya ɗago kai ya ce wa Ila, "Baba, birin ga shina iya tsintar abu da yatsun dama?"

Mutumin nan bai taɓa ganin Bawa a farke ba. Ila ya juyo yana kallona, na rantse masa ban faɗa ba. Ya ce, "Amma likita, harbin ga hagu shike!"

Dokta ya ce, "Haka Allah Ya yi mu, mu da su. Hagun kai shi ka tahi da daman jiki. Harsashin ya zamna daidai inda yatsu suke. Shina iya taka hannun, tsinta ce ba ya iyawa. Ba rashin kunya ba ne, ya so ya amsa da dama, hannun ne bai jin kira."

Sufeto Garba, wanda ban taɓa jin ya yi mamakin komai ba, ya cire hularsa yana ta "Subhanallahi". Ni kuwa na ƙura wa ɗigon nan ido, ina tunanin ashe ladabin da duk kasuwa ke yabo a wuri ɗan mitsitsi haka yake zaune, har yana da adireshi da za a iya aunowa da ƙarfe. Dokta ya ce ba zai ciro harsashin ba, ɓarnar cirewa ta fi ta bari, kuma ba ya alkawarin yatsun za su dawo. Sufeto ya sa aka mayar da kayan cikin mota, da kansa ya ɗaga shingen.

Ila kuwa ya koma wajen birinsa. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan Bawa a cinyarsa, yana shafa shatin bulalar nan da ɗan yatsa har birin ya farka. Ya ciro gyaɗa daga aljihu ya miƙa. Bawa ya ɗago hannun hagu, ya tsaya, ya noƙe yana jiran duka. Sai Ila ya mayar da gyaɗar cikin nasa hannun hagun, dattijo mai furfura, a gaban ma'aikata da ƴan kasuwa, ya miƙa masa da shi. Babu wanda ya yi dariya. Bai sake yi mini zancen izini ba, hanyar Farfaru suka kama.

Abin da na ɗauka daga ranar shi nake faɗa wa duk wanda aka turo ya koyi aiki a hannuna. Masu dabbobi za su zo muku da "taurin kai" da "mugun hali", kuma ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani ke nan. Dabba ba ta da bakin kare kanta. Kafin ku yarda ta lalace, ku daidaita ta, ku auna, ku nemi inda ke ciwo ko da a ɗaya gefen yake. Bawa ya sha bulala wata da watanni a kan laifin da bai yi ba.