Famfon Kicin ɗin Auta

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga gidajen mutane ta ƙofar baya, da jakar kayan aiki a kafaɗa. A unguwar da ya yi zamaninsa babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Mai Famfo ake ce masa, har matarsa, Allah ya ji ƙanta, in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Ya fi sanin ƙarƙashin kwamin wanke-wanke na gidaje a kan falonsu, don ba a cika ba mai gyaran famfo kujera ba. Inda ke yoyo ake nuna masa, a ja masa ƙofa.

Abu ɗaya ya kafe a kai duk tsawon aikinsa: ba ya canza famfo. A wurinsa duk famfon da ke ɗiga, robar ciki ce ta gaji, kuma wanda ya cire famfo sukutum saboda roba, ko rago ne ko macuci. Robar ma ba ya saye. Tsohuwar robar cikin taya yake ɗorawa a gwiwa, ya zagaye ta da reza, ya huda tsakiya, ta zauna daram kamar daga kamfani aka aiko ta. Masu shagon kayan famfo ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, shi kuwa hakan daɗi yake masa.

Sai hannu ya fara rawa. Na hagu ya soma, na dama ya bi sahu. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani, ya ce aiki ya ƙare. Autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauko shi ta kawo gidanta a hawa na biyu, ta ba shi ɗaki mai taga. Jakar ta biyo shi, aka tura ta ƙarƙashin gado.

Kada a ɗauki alhakin Auta da mijinta: ba su taɓa ɗaga masa murya ba. Kirkin ne ma ya yi masa yawa. In ya ɗauki kofi zai kai kicin, sai a karɓe. In ya sunkuya zai gyara takalmi, sai a riga shi. "Baba, ka huta," safe da yamma, har kalmar ta fara yi masa ɗaci. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. So yake a ce akwai abu ɗaya a gidan nan da hannunsa ya yi, kada ya zama baki kawai da ake zuba wa abinci da magani.

Da famfon kicin ya fara ɗiga, shi ya fara ji, don shi kaɗai ke wuni a gidan. Auta ta ɗaura masa tsumma, tsumman ya jiƙe ya ci gaba da ɗiga. Wata safiya suna karyawa ya gyara murya.

"Famfon nan roba ce kawai. Ku bar ni da shi."

"Haba Baba," in ji surukin, yana murmushi, "muna raye mu sa ka aiki? Ranar Asabar za a kira wani."

Auta ba ta ɗago kai daga kofinta ba.

Ranar Alhamis, suna fita, ya jawo jakar. Durƙusawa kaɗai ta ci masa lokaci. Ya kama makullin ruwan da ke ƙarƙashin kwamin da hannu biyu, ya murɗa har ya rufe. Sannan ya zauna yankan roba. Uku suka lalace, rezar ta tsaga masa babban yatsa, ta huɗu ta fito ba laifi. Ya ɗaga ta wajen haske yana dubawa, ransa fes, rabon da ya ji haka tun kafin likita.

Famfon irin na zamani ne, mai hannu ɗaya da ake ɗagawa sama. Ya ga irinsu a ƙarshen aikinsa, ya ƙi taɓa su, wai ado ne na masu kuɗi. Da ƙyar ya gano ɗan sukurun da aka ɓoye a ƙarƙashin wani murfi, ya cire hannun, ya kwance noti. Da ya leƙa ciki bai ga abin da ya sani ba. Wani ɗan ƙoƙon filastik ya tarar, da fararen faifai biyu na tangaran a cikinsa, babu mazaunin roba ko ɗaya.

Mai hankali a nan zai mayar da komai ya rufe. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana rantsuwa cewa kowane famfo da robarsa ba zai yarda wannan ba shi da ita ba. Ya sa sukudireba ya ɓanɓare ƙoƙon yana nemanta, tangaran ɗin ya tsage. Ya cusa tasa robar a ƙasa, ya mayar da ɓaraguzan, ya ɗora sifana a kan noti. Daidai inda ya kamata ya ji a tafin hannunsa cewa ya isa, hannun ya fizga, haƙoran notin suka cinye. Da ya buɗe makulli, ruwa ya yi tsiri har rufin ɗaki.

Ya rufe. Ya zauna a ƙasa cikin ruwa, riga sharkaf, ya daɗe bai iya tashi ba. Bai yi kuka ba, amma ya san abin da ya faru, kuma ya san ba famfon kaɗai ya lalace ba. Daga baya ya ja jiki ya goge ƙasan da tawul ɗinsa, ya tattara kayan aiki, ya koma ɗaki.

Da la'asar Auta ta dawo da kayan asibiti a jikinta. Ya ji ta shiga kicin. Ta leƙo ɗakinsa.

"Baba, ka ji ciwo?"

"A'a."

Ta kama hannun, ta wanke yatsan, ta naɗe shi da bandeji kamar yadda take yi wa marasa lafiya. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta fita baranda ta yi waya ƙasa-ƙasa.

Kafin magariba mai gyara ya iso, magidanci mai ƙiba, da sabon famfo a cikin kwali. Ɗakin tsohon yana jikin kicin, ƙofar kuma a buɗe take, komai yana shiga kunnensa. Ya ji an kwance tsohon famfon, ya ji an tsaya, sai dariya.

"Hajiya, wa ya taɓa wannan? Dubi, robar taya ya cusa a ciki. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan aika-aikar ba."

Tsohon ya buɗe baki zai ce shi ne. Auta ta riga shi.

"Wani ne muka kira da safe. Ashe bai iya ba."

Ya san don ta rufa masa asiri ta faɗa, kuma ya san ba ta yi ƙarya da yawa ba.

"Irinsu ne ke ɓata mana suna," in ji mai gyaran, yana ɗaure noti. "Mutum bai san aiki ba, ya ƙi ya zauna a gida. Kada ku sake barinsa ya taɓa muku komai."

Muryar Auta ta yi ƙasa.

"Ba zai sake ba," ta ce.