Akawun da Ya Rubuta Ni Baƙo a Garin Ubana

Shekarun baya can, ba a jima da sauke tutar Turawa ba, wani akawu ya zauna a kan kujera a garin ubana, ya rubuta cewa ni baƙo ne, ya hana ni rumfa a kasuwar Bagudo. Bai buge ni ba, bai zage ni ba. Kalma ɗaya ya rubuta, ta jefa ni waje. Maganar ta mutu tuntuni, amma yaran yanzu sun dame ni da tambayar abin da ya sa nake ɗinki a bakin ƙofar kasuwa ba a ciki ba. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ni tela ne. Bokona a aji uku ya tsaya, don malaminmu ya fi son bulala a kan alli, ni kuma bayana ya fi kaina saurin ganewa. Amma ina karanta rubutu in an ba ni lokaci. Keken ɗinkina na gada daga ƙanen mahaifina, kuma a gindin wata tsamiya nake kafa shi a tsohuwar kasuwa. In hadari ya taso, sai in cicciɓe shi a ka in ruga zauren mutane, tsummokara na bi na a baya.

Wata rana mai shela ya zaga gari. Ya ce mulki yanzu namu ne, hukumar gari za ta gina rumfunan kwano don masu ƙananan sana'o'i: teloli, masu bandar kifi, masu gyaran keke, mata masu awon shinkafa. Ya ce ba za a bar kowa a rana ba. Sharaɗin kawai, in an buɗe sabuwa, tsohuwar kasuwa ta zama tashar mota, babu mai sake zama a gindin itace. Muka yi murna kamar an yi mana bushara. Aka sa gayya, na ajiye almakashi na ɗauki kwando. Ƙasar da aka yi daɓen layin teloli, da wuyana na kai ta. Har na zaɓi rumfata a zuci, ta biyu daga ƙofa, inda iska take shiga.

Ranar rubuta suna aka kafa tebur a gaban ofis. Akawun wani matashi ne da aka turo daga babban gari, da agogo a hannu, da alƙaluma uku a aljihu. Tambaya uku yake yi: suna, sana'a, wurin haihuwa. Abokina mai bandar kifi ne a gabana. Da aka zo ta ukun ya ce, "Nan," aka rubuta, ya wuce.

To, ga inda na kashe kaina. A wurinmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. In ciki ya tsufa, sai a kai ta gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun uwarta, ta yi wankan jego, sannan a maido ta. Mahaifiyata 'yar Dandawa ce, ƙauyensu kuma ya faɗa bayan layin da Turawa suka ja, ɓangaren Dahome. Can aka haife ni, aka dawo da ni a kwale-kwale ina jariri. Ban taɓa ɗaukar wannan abin ɓoyewa ba. Saboda haka na gyara tsayuwa na ba akawu labari tiryan-tiryan, har da ungozomar da ta yanke mini cibiya. Mutum ya tambaye ni kalma ɗaya, ni kuwa na buɗe masa tarihi.

Ya ɗago kai ya ce, "Ashe kai ɗan Dahome ne."

Na ce, "A'a Malam, ɗan fari dai."

Mutanen layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Oda ta ce rumfa ta ɗan ƙasa ce. Fom ya ce wurin haihuwa. Ni ban ga inda aka rubuta goyon ciki ba. Na gaba!"

Takardar tana kallonsa ne, ni a juye nake ganin ta, amma aji ukuna ya isa in haɗa baƙaƙen: baƙo.

Na tafi wurin mai gari. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ni na san ubanka, na san kakanka, na ci goron sunanka. Amma wagga takarda ta hi ƙarhina. Ka yi haƙuri." Na ce, "Ranka shi daɗe, haƙuri ba ya tare ruwan sama." Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne abin da ya biyo baya. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tsaya mini a gaban mutane ba. In ina kuka ina yaro, maƙwabciya ce take ɗauka ta. Amma da labari ya kai mata, washegari da hantsi sai ga ta ta yafa mayafi ta ce da matata, "Ce ma wancan shi biyo ni." Ta taka har gaban teburin nan, layi cike da maza, ta tsaya. Da Hausarta mai gargadar Dandanci ta ce, "Malam, wanga da kaka gani, ɗan garin ga na. Ni anka kai goyon ciki, kamar yadda anka kai uwar kowa. Ubanai na nan kwance ga maƙabartar ku."

Akawu ya jingina da kujera ya ce, "Wa ke nan? Faɗi sunansa."

Ya sani sarai ba za ta faɗa ba, ai shi ma uwa ce ta haife shi.

Ya ce, "Inna, kin zo shaida, ko sunansa ba ki iya faɗi? Da kin zauna ɗakinki kin haihu, da duk wannan bai taso ba."

Maza sun fi ashirin a wurin, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni. Wannan sunkuyon ban yafe wa kaina shi ba. Ta ja mayafinta ta juya. Sai da muka kusa gida, ba tare da ta dube ni ba, ta tambaye ni da Dandanci ko ita ce ta jawo mini. Na ce a'a. Ba ta taɓa sa ƙafa a sabuwar kasuwa ba.

Da aka buɗe kasuwa na shiga na zaga layi-layi ina kallon fuskoki. Kowane layi akwai ɗan fari irina, wanda aka haifa a bayan iyaka. Na san su, na san ƙauyukan kakanninsu. Abokina mai banda ma a ƙauyen da ke kusa da na mahaifiyata aka haife shi. Bambancina da su, su sun ce "Nan," ni na ba da labari. Rumfa ta biyu daga ƙofa kuwa, wani surukin akawun ne a ciki, yana ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Abokina ya gane abin da ke raina. Ya same ni gida da busasshen kifi a ƙunshe, ya tsuguna ya ce, "Tela, don Allah, don darajar iyaye, kar ka buɗe baki."

Na ce, "Kai da ka ce 'Nan' ko ƙifta ido ba ka yi ba, mi kaka tsoro?"

Ya ce, "Ina da ɗiya shida. Kai wauta ta kai ka, mu kuma sai ka ja mu?"

Na ce ya ɗauki kifinsa. Ya bar shi, na kuma ci, don yunwa ba ta san fushi ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi niyyar tona su. Na taka har ƙofar ofis da sunayen a kaina. A nan na tsaya na yi tunani: in na shiga na ce wane ma baƙo ne, wane ma baƙo ne, ai na yarda ke nan cewa ni baƙon ne, na zama ɗan aiken akawu. Ba kirki ne ya mayar da ni gida ba, girman kai ne. Amma dai na koma.

Wani dattijo abokin mahaifina yana da gona da ta taɓo hanyar da ke fitowa daga mashigin jiragen ruwa zuwa ƙofar kasuwa. Ya ba ni gefenta, na kafa sanduna huɗu na ɗora zana. Ɗan doka ya zo ya ce in tashi. Na ce oda ta hana ni cikin kasuwa, nan kuwa gona ce, in yana da odar gona ya nuna mini. Ya shure zanar ya tafi, na sake ɗorawa. Ya dawo ya shure, na sake. A na uku ya kawo wandonsa ya ce in rage masa ƙugu.

Kada wani ya ɗauka daɗi na ji. Damina ta farko keken ya yi tsatsa har sai da na kwance shi na jiƙa da man gyaɗa. Ruwa ya taɓa tarar da ni da kayan wata amarya, shuɗi ya zuba a kan fari, uwar amarya ta tsine mini a gaban jama'a. Ranakun da ba kasuwa, in ɗora keke a ka in bi ƙauyuka har wajen Kaoje ina neman facin riga. Matata ta ce, "Kowa ya yi ƙarya ya shiga inuwa, kai kaɗai ne mai gaskiya a duniya?" Sai na yi mata tsawa.

Amma labari ya ƙetare iyaka. Dangin mahaifiyata suka ji abin da aka faɗa wa 'yarsu a gaban maza. Ranar kasuwa in sun sauko daga kwale-kwale, wurina suke fara tsayawa, su zube yadi, mu gaisa da Dandanci, su jawo maƙwabtansu. Sai wata mai fura da aka hana rumfa ta zo ta zauna gefena. Sai wanzami, sai mai gyaran keke, duk waɗanda fom ya tofar. Kafin a ankara hanyar ta cika, mai shigowa sai ya gama rabin cefanensa kafin ya kai ƙofa. Mahaifiyata ba ta ga wannan sosai ba. A damina ta biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Daga baya an soke waccan oda, na waje da yawa sun shiga ciki, kuma ban ga laifinsu ba. Abokina mai banda mun shirya, ni na ɗinka kayan auren 'ya'yansa. Abin da na koya bai da yawa. In an ce an kawo taimako don kowa, kada ka tsaya kallon kwano, je ka dubi wanda ke riƙe da alƙalami da irin tambayar da aka ba shi ya yi. Mu nan auratayya ta riga iyaka, kuma duk wanda ya zana fom bai san inda matanmu ke zuwa haihuwa ba, bai san mu ba. Har yau in na tuna, ƙirjina yana zafi, ba na kuma neman ya daina.

Kafin a soke odar, a shekara ta uku, aka ce wani babba zai zo duba yadda hukuma ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Ba a so ya tarar da kasuwa a waje, rumfuna a ciki wasu babu kowa. Ana saura kwana biyu sai ga akawu da kansa, ya yi ƙiba, da fom a hannu. Ya yi sallama, na amsa ban ɗaga ƙafa daga keke ba.

Ya ce, "Tela, sannu da aiki. Maganar nan ta daɗe, ya kamata a kashe ta."

Na ce, "Wace?"

Ya rage murya ya ce, "Akwai rumfa a layinku, mai kyau. Ga sabon fom. Zan sake tambayar ka wurin haihuwa, kai dai ka ce Bagudo. Shi ke nan. In ka shiga, sauran za su bi ka."

Mai fura ta daina dama, wanzami ya tsaya da aska a sama, mutumin da ake yi wa aski ya juyo da rabin kai a aske. Na tsayar da keke, na tashi tsaye don ya ji da kyau.

Na ce, "Malam, ran da na faɗa maka gaskiya ka kore ni, yau ka zo har gona kana roƙo in yi maka ƙarya. A Dahome aka haife ni, a ɗakin kakata, kuma ni ɗan Bagudo ne. Rubuta su duka biyu a layi ɗaya, ka sa hannu. In takardarka ba ta iya ɗaukar su, ita ce ƙarama, ba ni ba. Matar da ka ce da ta zauna ɗakinta ta haihu tana cikin ƙasa, ba zan ƙaryata ta don kwano huɗu ba. In baƙonku ya zo, ka kawo shi nan, ni zan gaya masa wanda ya gina wannan kasuwar ta waje. Kai ne. Yanzu matsa, ka tare mini haske."