Jan Zare a Wayar Fanka

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, ina yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Kiyawa. Na dawo daga makaranta da littattafaina cikin leda saboda yayyafi, na tarar da Baba kwance a cikin motarsa, ƙafafunsa a waje, yana ta huci. Motar tsohuwa ce mai tsayin ƙafa, irin mai ja da taya huɗu, kuma ita kaɗai ke iya ratsa fadamar da ke tsakaninmu da titin Dutse idan damina ta zauna. Da ita ake kai gyaɗa kasuwa, da ita ake ɗaukar marar lafiya. A gindin rumbunmu take kwana, kaji na fakewa a ƙarƙashinta.

Abin da ya kwantar da Baba a nan shi ne fankar hita ta mutu. Mutane na ɗauka hita ta lokacin sanyi ce kawai. Ba haka ba ne. Idan ana ruwa aka rufe tagogi, numfashin mutane yana sa gilashi ya yi gumi daga ciki, iskar fankar nan ce ke busar da shi. Mako guda kafin nan Baba na tuƙi yana goge gilashi da hularsa, ya kusa afkawa kwazazzabo. Ga shi washegari ne ranar da likita ya ba Kaka, mahaifiyarsa, don a cire mata yanar ido a Dutse, in ranar ta wuce kuwa sai bayan watanni. Shekara biyu ke nan da lalube take gane mu. Baba ya ce, "Makaho ba ya yi wa makaho jagora," ya rantse ba zai ɗauki uwarsa ba sai gilashi na gani. Ya sayo wata fankar mota wadda aka taɓa amfani da ita a Dutse, amma tsohuwar tana can ƙuryar ƙasa ta gefen mai zaman banza, kusa da direba, inda hannunsa ya ƙi shiga. Yayyena maza duk suna gona wajen maimai. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce in ajiye ledar.

Ni tun ina ƙarama ba na son hargitsi, har ake ce mini Uwar Tsari. Ko wanke-wanke zan yi, kofuna ne farko, sai kwanoni, tukwane a ƙarshe. Don haka kafin in taɓa komai na haƙa ƙananan ramuka a jiƙaƙƙen yashi a jere, kamar za a yi dara, duk notin da ya fita in sa shi a raminsa. Da farko Baba ya cire kan batir. Na biyu muka kwance akwatin ajiyar takardu. Na uku na kwanta rigingine da sukudireba, na kwance noti uku da ke riƙe da fankar, na ukun sai da yatsana ya yi jini. Na huɗu wayoyi. Biyu ne, kuma tsufa da baƙin mai sun mai da su kala ɗaya. Kafin in zare su na ciro jan zare daga bakin ɗankwalina na ɗaure a wadda ke dama. Ba wanda ya sa ni. Haka Inna ke yi wa kajinta alama a ƙafa.

Da fankar ta fito sai ga ɓawon gyaɗa da auduga da tsummoki suna zubo mini a fuska. Ashe ɓerayen rumbu ne suka yi ɗaki a ciki har fankar ta cushe ta ƙone. Kaka na zaune a zaure tana jin dariyar Baba, ta ce, "Ka ajiye mota kusa da abinci, ai dole ka samu 'yan haya." Na share gurbin tas da guntun tsintsiya.

Daidai nan Inna ta kira ni in kai wa yayyena fura gona. Kafin in dawo, Kawu Sale, ƙanen Baba, mai gyaran kekuna, ya zo ya karɓe aikin, yana cewa tun yaushe aka fara ba mace sukudireba alhali maza na da rai. Siriri ne, hannunsa ya shiga, ya ɗaura sabuwar. Na iso an mai da kan batir, fanka na ƙara kamar jirgi, amma iskar da ke fitowa ko gashin kaza ba za ta ɗaga ba. Kawu ya yanke hukunci cewa mai shago ya cuci Baba. La'asar ta yi, hadari na haɗuwa, Dutse ba ta komuwa ranar. Na ga Baba ya kalli zaure ya sunkuyar da kai.

Na leƙa ƙasa. Jan zarena yana hagu. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba magana, balle mace, balle gaban mutane. Na daɗe tsaye da ƙwarya a hannu. Daga baya na durƙusa na ce, "Kawu, ko ni ce na ruɗe? Na ga kamar zaren nan a dama na bar shi." Ya ce, "Waya ai waya ce, Uwar Tsari, wuta ba ta san dama da hagu ba." Baba ya cire kan batir, ya miƙo mini sukudireba.

Na sauya wayoyin, na mai da akwatin takardu, kowane notin da ya rage daga raminsa, na ƙarshen fita shi ne farkon shiga. Da aka kunna, iska ta ture hular da Kawu ya ajiye a kan allon gaban motar. Ashe da baya fankar ke juyawa. Baba bai yarda da wannan kaɗai ba. Ya sa Inna ta kawo tukunyar ruwan tuwo tana tafasa, aka ajiye a cikin mota aka rufe tagogi har gilashi ya toshe fari fat. Yana daga ciki, ya murɗa maɓalli. Muna tsaye muna kallo hasken ya faro daga ƙasa yana hawa, har fuskarsa ta bayyana yana murmushi. Kawu ya ce, "To, ai ni na ɗaura ta." Kaka ta ce, "Ka ɗaura, ta warware."

Da safe aka tafi cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka sa ni a gaba ina riƙe da jakar Kaka. Ban ga Baba ya taɓa hularsa ko sau ɗaya ba. Ranar da aka cire mata bandeji, Kaka ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe haka kika yi tsawo ba ki gaya mini ba? Kawo hannun nan in gani."

Yau an shimfiɗa kwalta ta kusa da garinmu, Keke Napep ma na kai mutum Dutse cikin ruwa. Baba da Kaka sun rasu, motar an sayar wa masu ƙarfe. Karatuna bai yi nisa ba, ɗinki nake yi, amma ba bakaniken da ya taɓa buɗe keken ɗinkina. Yaran shagona suna gunaguni idan na sa su jera noti a faifai kafin su kwance komai, sun fi son su ɗauki hoto da waya. Ba na hana su. Ni dai har gobe zare nake ɗaurawa.