Ramuka Goma Sha Biyu da Na Toshe Wa Injiniya Mai Zare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Litinin, tara ga watan Mayu, ina kan bango da cokalin gini a hannuna aka kira ni a waya cewa Allah ya yi wa Injiniya Mai Zare rasuwa, bayan jinyar wata biyu. Bayan azahar muka kai ta makwancinta. Ni magini ne, rubutu ba sana'ata ba ne, amma akwai maganar da ba zan iya ci gaba da haɗiyewa ba.

Injiniya, shekara goma sha ɗaya na yi ina gina abin da kika zana. Aikinki shi ne ki sa gini ya yi sanyi lokacin zafi, ya riƙe ɗumi lokacin sanyi, ba tare da an yi ta ƙona lantarki ba. Mu muka laƙaba miki sunan nan, saboda zaren ɗinki da ba ya barin jakarki. Kina shiga ɗaki sai ki ɗaga shi a bakin taga. In ya motsa ki yi murmushi, in ya tsaya cak mun san yau akwai rushe-rushe. Mun sha yi miki dariya a bayan ido, muna cewa ga mai digiri biyu tana neman shawarar zare.

Ba ki taɓa zana gini ba sai kin zauna a filin da tsakar rana, kin ga inda rana take dukan ƙasa da inda iska take fitowa. Lokacin da matata take fama da asma, kin zo gidana da kanki, kika sa na ɗaga rufin ɗakinta, na fasa ƙaramar taga a saman bango. Har yau a ɗakin take samun barci.

Sai aikin ɗakin kwantar da yara na wani ƙaramin asibiti. Kin bar ramuka goma sha biyu a ƙarƙashin rufi, masu murfi, don iska mai zafi ta riƙa fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta tagogin ƙasa. Da haka fanka da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya za su wadatar. Kina hutun haihuwa muka zo filasta. Na dubi ramukan, na ga kamar aikin da ba a gama ba, ni kuwa a ganina abin kunya ne magini ya bar rami a bango. Ban tambayi kowa ba na sa aka cike su, aka shafe.

Aka buɗe ɗakin, ya zama kamar gidan burodi. Yara suna kuka, iyaye suna fifita da kwali. Masu asibitin suka kira taro. Kika ɗaga zarenki bai motsa ba, kika dubi sama, sannan kika dube ni. Shugabansu ya ce, "Injiniya, ina sanyin da kika yi mana alkawari?" Kika ce, "Laifina ne, ban dawo na duba ba." Na sunkuyar da kai na yi gum, don na san in na buɗe baki babu mai sake ba ni aiki. Kin sa an fasa ramukan, ɗakin ya yi daidai, amma suka ƙwace sauran ginin suka ba wani, aka kuma yi ta yawo da ke cewa zanenki bai yi ba. Duk da haka ba ki daina kirana aiki ba.

Shekara bakwai abin yana ci mini rai. Ranar Alhamis kafin rasuwarki na je asibiti duba ki da niyyar in faɗa. Na ce, "Ranki ya daɗe, da magana na zo." Kika ce, "Baba Magini, fara buɗe mini tagar can, ɗakin nan wanda ya zana shi bai yi shawara da kowa ba." Muka yi dariya, tari ya sarƙe ki, nas ta ce mu fita. Na ce zan dawo Talata.

Tunda ban samu faɗa miki ba, bari in faɗa wa kowa. Zanen Injiniya bai taɓa samun matsala ba. Ni ne na toshe ramukan, ta sani, ta rufa mini asiri da sunanta. Duk wanda ya taɓa jin waccan magana, ya ji wannan ma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da mahaifiyarta, ina kuma roƙon su yafe mini. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ta bari. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini. Ya yalwata kabarinta, ya buɗe mata taga zuwa Aljanna, wadda babu mai toshe ta. Amin.