Malam Mai Buta da Kwarin Bayan Makaranta

Raini mugun ciwo ne, ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Zancen malamin labarin ƙasa ne na sakandaren bakin kwari, wanda yara suka laƙaba wa Malam Mai Buta. Ƙarshen zangon nan zai ajiye alli.

Kullum ya idar da sallar asuba, sai ya zaga bayan makaranta ya duba inda ruwa ya ci. Gwiwa na ƙara, shi yana tafiya. Ya ɗebo ƙasa, ya zauna a dakalin aji yana tsara darasin ranar: tambayar da zai fara da ita, abin da yara za su taɓa da hannunsu, da yaron da zai tasa gaba don jiya bai gane ba.

Abokan aiki kan ce, "Malam, ɗauko na bara mana, ka huta. Duwatsun ai ba su tashi ba."

Sai ya ce, "Duwatsu na nan. Kwarin ne ya matso, yaran kuma ba na bara ba ne."

Taswirar ajin gara ta cinye rabin tekunta. Ya roƙi sabuwa har bakinsa ya gaji. Kayan aikinsa faranti biyu ne da buta, matarsa kuwa ta daina cigiyar farantanta. Ɗaya ƙasa tsirara, ɗaya ƙasa mai ciyawa. Ya karkata su, ya tsiyaya ruwa. Tsirarar ta zube, mai ciyawar ta tsaya. Daga nan ya kwashi yara su dasa ciyawa a gaɓar kwarin, don saura kaɗan ya lashe bangon ajin. Awaki su cinye, su sake dasawa. Rani ya ƙone, su sake.

Maƙwabcin makarantar mai buga bulo ne, gaɓarsu ɗaya. Shi yashi yake haƙa a gindin tasa, ya tuge ciyawa wai tana tara macizai. 'Yarsa tana ajin Malam. Ta ce, "Baba, Malam ya ce saiwar ce ke riƙe ƙasa."

Ya ce, "Ke tafi can! Buta ce za ta koya mini ruwa? Ki ce masa in ya gama wasan ƙasa ya zo in ɗauke shi lebura."

Malam ya taka da kansa, ɗauke da dashe a buhu. Mai bulo ya ce, "Ajiye can, awakina sun gode." Malam ya juyo. Washegari ya tsara darasi.

Da damina ta yi tsakiya aka kwana ana ruwa. Da safe mutane suka tarar gaɓar makaranta tana nan, ciyawa ta kwanta amma ta riƙe, ta mai bulo kuwa ruwa ya tafi da ita. Malam bai yi murna ba. 'Yar mai bulo ya nema, ya ce wa ajin, "Wanda ya yi mata dariya, ni da shi."

Malam, kai ne buta mai kashe ƙishin ƙasa. Kai ne ka tsufa a dakali ba lambar yabo, ba ko taswira. Mun ga gajiyarka, mun yi shiru, ka yafe mu. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya saka da alheri.

Ku malaman da za ku gaje shi, kada ku shiga aji da ɗumamen bara. Ku kuma masu raini, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Mai bulo ya wayi gari ba rumfa, ba injin, ba rijiya, bulon da ya shanya ya koma yashin da ya fito, filin da zai sake kafawa ma yana cikin kwari.